Gangarar da Na Kai wa Rasuwa

Assalamu alaikum. A shekarun da zinariyar Cibarakaten ta ɗauke hankalin kowa, ni ɗan kasuwa ne a Agadas, ina da butik, wato kanti, kusa da inda motocin daji ke yin lodi. Shinkafa, makaroni, man girki, sukari da ganyen shayi nake sayarwa, ina kuma ɗauko gero daga Damargu duk bayan ƴan makonni. Shekaruna arba'in da ɗoriya a lokacin, ashirin daga ciki a garin nan na yi su. Ina da wani hali da maiɗakina ta daɗe tana yi mini tsiya a kansa, wato bakina ba ya iya furta ban sani ba. Ko hanyar garin da ban taɓa takawa ba aka tambaye ni, sai na ɗaga hannu na nuna. Mutane sun ɗauki wannan a kan sanin duniya, ni ma haka na ɗauke shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba a cikin wannan takarda, har da nawa.

Masu haƙar zinariya sukan bar jakunkunansu ajiya a wurina kafin su shiga daji, don can babu inda mutum zai adana tufafin kirki. A wurin haƙa kuma ba a cika kiran mutum da sunansa na yanka ba, saboda rami ɗaya sai ka tarar da mutum huɗu masu suna ɗaya. Da garinsa ake kiran kowa. Haka na san wani da ake ce wa ɗan Gangara, dogo, marar yawan magana, mai irin sunan nan da babu gidan da ba a samunsa. Zuwansa na ƙarshe ya shiga kasuwa ya sayo takalman fata ja, na ƙaramar yarinya, ɗinkin dukawan garin nan. Ya nuna mini su, ya kuma nuna mini wani guntun zare da ya taho da shi tun daga gida, wanda ya yanka daidai tsawon ƙafar ɗiyarsa don kada ya sayi wanda ba zai shige ta ba. Ya ɗaure zaren a jikin takalmin, ya sa cikin jakarsa, ya ce in ya fito daga daji a wannan karon gida zai wuce. Ya yi ƙorafin nisan hanya, ya ce ko ya isa Damagaram sai ya sake mota. Ina awon shinkafa lokacin, da rabin kunne na saurare shi.

Bayan kamar wata uku wani direba da ke yi musu jigilar ruwa ya tsaya ƙofar butik ya shaida mini rami ya rufta da mutum uku, ɗan Gangara yana ciki, an yi musu sutura can. Wayarsa ta tafi tare da shi a ƙarƙashin ƙasa. Abokan aikinsa ba su san komai a kansa ba ban da sunansa da sunan garinsu. Direban ya ce tunda kayansa suna hannuna, nauyin kai labari ya hau kaina. Na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, na san Gangara, tana nan ɓangaren Tanut inda nake ɗaukar gero, kuma dama ina da tafiya cikin makon. Akwai wani dattijo mai gadin motoci da ke zuwa shan shayi wurina. Ya ajiye kofinsa ya ce shi dai a saninsa Gangara ba ɗaya ba ce, gara in bincika. Na yi dariya na ce masa ya bar mini sanin garuruwa, ni in bar masa sanin tayoyi. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, maganar ta wuce.

Na isa Tanut na gama lodin gero, na bar kamiyo, wato babbar motar kayan, yana jirana, na hau babur zuwa Gangara da jakar a bayana. Wurin maigari na fara. Na faɗi sunan mamacin, na tambaya ko akwai mai wannan suna da ya tafi neman zinariya. Aka ce akwai, wata goma ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Na tambaya ko dogo ne, aka ce dogo ne. Iyakar binciken da na yi ke nan. Aka raka ni gidan, na tarar da mahaifinsa, tsoho mai raunin gani, na zauna a kan tabarma na faɗi abin da ya kawo ni. Aka yi salati, kuka ya tashi daga cikin gida. Da aka ɗan lafa aka shiga da jakar wurin matarsa. Ba a daɗe ba sai ga ta a bakin ƙofa, ta rufe rabin fuska da mayafi, takalman nan ja a hannunta.

"Malam, ƴaƴanmu biyu, duka maza ne. Wa ya saya wa wannan?"

Ta ƙara da cewa rigunan ma ba ta san ko ɗaya ba. A daidai wannan lokacin maganar sake mota a Damagaram ta faɗo mini a rai, sarai kamar yanzu ake faɗinta. Wanda zai zo wannan Gangarar daga Agadas ba ya kaiwa Damagaram, tun a hanya yake sauka. Na san haka, kuma na tuna da bakinsa ya ce ɗiyarsa. Amma mutane sun cika ƙofar gida, mata suna ta kuka, maigari yana zaune kusa da ni, ga kamiyo yana jira. Na ji ba zan iya buɗe baki in ce wataƙila na yi kuskure ba. Sai na ce mata mutanen daji sukan sauya tufafi in sun samu, takalma kuwa ƙila ɗiyar wani ɗan'uwa ya saya wa. Surukinta ya tsawata mata, ya ce bawan Allah ya taso tun daga Agadas da amana, ba za a tsaya ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo ba. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Aka yi addu'a, aka ba ni fura na sha, na hau babur na kama hanya.

Na dawo aka yi ta yaba mini, har a masallacin unguwarmu aka ba da misali da ni a kan riƙon amana. Zancen Damagaram yakan taso mini jefi-jefi, sai in ce wa kaina ƙila ya so ne ya biya ta can sayayya. Da na maimaita hakan sau da yawa sai na yarda.

Shekara ɗaya da ƴan watanni bayan haka, wata ranar kasuwa da hantsi, wani dogon mutum ramamme da ban taɓa gani ba ya shigo butik ya ɗora jakar nan a kan teburina. Na gane ta nan take. Ya ce shi ne wanda na kai wa iyalinsa labarin mutuwarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ba ni labari a tsanake kamar na wani yake bayarwa. Shi da abokan tafiyarsa sun tsallaka iyaka garin bin zinariya aka kama su, aka tsare su watanni, wayoyinsu suka salwanta, da aka sake su ya tsaya aikin ƙarfi a can don ya sami na mota. Da ya isa garinsu da rana tsaka mata suka watsar da tuluna a bakin rijiya suka gudu. Ya tarar an yi masa sadakar uku da ta arba'in, an raba ƴan awakinsa. Matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta koma gidan iyayenta, an ɗaura mata aure da wani, har da ciki. Malamai suna ta zama a kan maganar, shi kuma bai san abin da zai roƙa a yanke ba. Na rasa inda zan sa idona. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ita ce ta ce in kawo maka. Ta ce tun ranar ta faɗa maka ba namu ba ne, kuma akwai mai su tana jira."

Ashe duk tsawon lokacin nan ta hana a raba kayan. Ta naɗe takalman a cikin zane ta ɓoye, ta tafi da su har sabon gidanta.

Ranar ce na fara yin tambaya. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, ni da nake nuna wa mutane hanya. Aka ce akwai Gangara a ɓangaren Agye, kan hanyar Maraɗi, akwai wasu kuma a Nijeriya. Wani mai zuwa Libiya ya ce ko Tarabulus da ake ji ba ɗaya ba ce a duniya, akwai wata a Labanan, balle ƙauye. Ɗiyata da ke lakkwal, wato makarantar boko, ta buɗe taswira a wayarta ta nuna mini su a jere. Dattijon nan mai gadi yana zaune yana shan shayinsa yana kallona.

Na rufe butik na tafi. Na isa Damagaram na sake mota, daidai yadda mamacin ya faɗa. A wannan karon da na je wurin maigari sai na fito da takalman na ce ina neman gidan mutumin da ke da ɗiya mace ɗaya. Ba a sha wahala ba. Gida ne na zana, matarsa tana suyar ƙuliƙuli a tsakar gida, mahaifiyarsa tana jingine da rumbu. Kafin in ce komai matar ta tambaya ko shi ya aiko ni, ko sai yanzu ya tuna yana da iyali. Ashe labarin da ya zagaya garin shi ne ya sami zinariya ya yi sabon aure a Agadas. Ta yarda da hakan, domin babu wani labarin da ya zo ya ƙaryata shi. Na faɗa musu gaskiya, na faɗi watan da abin ya faru. Tsohuwar ta yi ta salati a hankali. Matar ta sauke kaskon daga wuta, ta zauna a ƙasa.

"Damina biyu ina kai ƙararsa wurin Allah," ta ce, "ashe yana cikin ƙasa."

Ta tambaye ni abin da ya hana ni zuwa tun lokacin. Na ba ta labarin duka, har da tambayar da waccan matar ta yi mini da amsar da na ba ta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Da aka kira liman ya ce lokacin takabarta ya riga ya wuce ba tare da ta sani ba. Wato na sa mace ɗaya ta yi wa rayayyen miji takaba, na hana ɗaya ta yi wa mataccen nata. Sannan aka kira yarinyar, wadda aka daɗe ana gaya mata ubanta ya manta da ita. Uwar ta miƙa mata takalman ta ce ubanta ne ya saya mata kafin ya rasu. Ta zura ƙafa, dunduniyarta ta fito waje. Aka ce ta cire a ba wata ƙanwa a maƙwabta, ta ƙi. Haka ta yi ta yawo da su a tsakar gida tana jan ƙafa har na tashi tafiya.

Yadda aka ƙare da maganar auren waccan matar ban sani ba. Na aika saƙo sau biyu ba a ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tun daga lokacin na daina ɗaukar gero ta wannan ɓangaren.

Yanzu duk wanda zai bar jaka a butik ɗina sai ya faɗa mini sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da babbar kasuwar da ke kusa da su, da lambar wani nasa, in rubuta in liƙa a jikin jakar. Matasan suna yi mini tsiya, wai na koma jandarma. Ina barinsu su yi dariyarsu. Na daɗe ina ce wa kaina sunan gari ne ya ruɗe ni, amma ba gaskiya ba ne. Garuruwa masu suna ɗaya sun cika duniya, kuma kullum ana kai musu saƙo yana isa. An gargaɗe ni kafin in tafi, an sake gargaɗina a ƙofar gidan, na kuma tuna gaskiya da kaina, duk na danne saboda kunyar minti biyar a gaban mutane. Ina kira ga direbobi da masu masauki da duk wanda za a ɗora wa kai labarin rasuwa, ku tambaya har a gaji da ku. In kuka shiga gida wani ya ce kayan nan ba namu ba ne, ko da mace ce a bayan ƙofa, ku tsaya ku saurara, ku ce ƙila mun yi kuskure.

Guntun zaren nan yana wurina, uwar ce ta kwance shi ta ba ni. Kafin ta ba ni ta gwada shi a ƙafar yarinyar a gabana, ƙafar ta ɗara shi da faɗin yatsa biyu. Da na yi tambaya ɗaya tak a ranar da dattijon nan ya ce in bincika, da takalman sun shige ta.