Takama Bai Tashi Daga Bakin Tabki Ba

Takama mai ɗinkin sirdin babur ne. A Gwadabawa aka haife shi, can cikin Najeriya. Ya ƙetaro Birnin Konni yana saurayi, ya yi aure nan, ya binne matarsa nan, ya aurar da ƴarsa guda, Balaraba, zuwa Badaguishiri. Duk tsawon wannan zama ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Rumfarsa tana ƙofar gidansa a unguwar Bakin Tabki, ƴan kabu-kabu kuwa Baba Sirdi suke ce masa.

Shekarar da aka rufe iyaka ne lamarin ya sake. Ya hau mota zai je sunan jikansa, aka sauke shi a shinge, aka ce ya nuna katin ɗan ƙasa. Ba shi da shi, na Najeriya kuma ya daɗe da ɓacewa. Mota ta tafi ta bar shi da ƙullin goron suna a hannu. A bayan motar albasa ya dawo gari.

Ni Idrissa, magatakarda ne a meri, wato ofishin magajin gari, teburina ne ke ba da takardar shaidar zama. Nan ya same ni, muka haɗa masa takardun neman zama ɗan ƙasa, na ba shi rasit. Na bayyana masa cewa kafin a amsa sai an yi ankete: za a aiko mutum gidan da aka rubuta, ya tambayi maƙwabta ko wane ne shi, da irin zamansa da jama'a.

"Yaushe za su zo, Mushe?" in ji shi, don haka ake kiran ma'aikaci a nan.

"Ba su faɗin rana, Baba."

"To su zo. Halilu kaɗai ya ishe su. Bakin nan nashi ba ya ruhuwa, har abin da ban yi ba sai ya ba su labari."

Halilu mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, tare suka tsufa suna tsokanar juna.

Da damina ta zo, tabki ya cika ya shiga unguwa. Gidajen ƙasa suka jiƙe suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Takama guda ya tsaya, don yana kan ɗan tudu. Mutane suka watse, wasu bayan gari, wasu ƙauyukan iyayensu. Halilu ya ɗaure kayansa a amalanke zai koma Tajaye wurin ƙannensa, ya tsaya ƙofar rumfa.

"Kai tsoho, kwaɗi za ka tsaya yi ma limanci?"

"Nan aka rubuta ni, Halilu. Nan za su zo."

"To in sun zo ka gaishe su. Ka ce musu ni na ce kai ba ka biyan tsire."

Suka yi dariya, amalanke ta wuce.

Da na ji labari na aika aka kira Takama. Na ce masa abin mai sauƙi ne: ya koma inda zai zauna, ya zo in rubuta sabon adireshi, a haɗa da takardunsa. Ya girgiza kai. A tasha wani ya gaya masa cewa wanda ya taɓa takardunsa suna bisa tebur, ƙasa ake mayar da su, ya sake bin layi daga farko. Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "Mushe, kai ka san naka tebur. Na manya hwa, ka taɓa ganin shi?" Gaskiya ban taɓa gani ba. Ya yi godiya ya tafi.

Haka ya zauna shi kaɗai tsakiyar kangaye. Ruwa ya yanke hanyar unguwar, ƴan kabu-kabu suka rage zuwa, suka sami wani mai ɗinki kusa da tasha. Rasit ɗin da ke aljihunsa ya isa ya wuce da shi shinge, amma ya ƙi barin gida ko na yini ɗaya, kada su zo ba ya nan. In ya je Juma'a, da an sallame yake juyowa, ya duba rairayin ƙofar gida ko akwai sawun taya. Ya sayi sabuwar tabarma ya jingine ta bayan ƙofa, bai taɓa zama kanta ba.

Balaraba ta yi ta kiran waya, daga baya ta zo da kanta da goyo. Ta share ɗakin, ta dafa masa tuwo, ta zauna tana kallon tumfafiyar da ta tsiro inda ɗakin uwarta yake.

"Baba, don ka riƙa zuwa wurina ka nemi takardar nan. Ga shi ita ta hana ka zuwa."

"Saura kaɗan, ɗiyata."

"Wa yac ce maka saura kaɗan?"

Takama ya karɓi jikansa, yaron ya ƙi shi, ya yi ta kuka har aka mayar da shi baya.

Mai ankete ya zo cikin bazara, da rana tsaka, a kan babur. Takama da bakinsa ya ba ni labarin. Ya ce ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kawo ruwan randa. Mutumin ya sha, ya tambayi suna da sana'a, sannan ya ɗaga kai ya ce, "To Baba, ina maƙwabta?"

Takama ya duba gabas, ya duba yamma. Awakin wani ne kawai ke kwance cikin inuwar ragowar katangar Halilu. Ya ce bari ya kira Halilu a waya. Mutumin ya ce masa, cikin ladabi, aikinsa shi ne ya ji daga waɗanda ke zaune tare da shi yanzu, ido da ido. Ya rubuta abin da ya gani, ya ce ya je meri ya ba da adireshin inda akwai mutane, za a sake aikowa.

Washegari ya zo teburina, ya zauna. Sannan ya ce, "Rubuta Badaguishiri, gidan surukina." Na gaya masa gaskiya: can ba wanda ya san shi, kuma mutanen can za a tambaya. Ya ce, "Za su san ni." Na rubuta, na buga hatimi, takardunsa suka koma Illela ta nan Nijar, wadda Badaguishiri ke ƙarƙashinta.

Bayan Sallar layya aiki ya kai ni Tawa, motarmu ta tsaya Badaguishiri, na tambaya aka nuna mini gidan. Na iske shi a ƙofa da keken ɗinkinsa, ya rame. Duk wanda ya gitta sai ya ɗaga murya ya gaishe shi, mai lambu, mai tallan fura, har wanda bai waiwayo ba. Wani ya wuce da buhun albasa a kai, Takama ya ce, "Sannu da aiki, Malam Mahfuz! Ina gajiya?" Mutumin ya amsa bai tsaya ba.

"Wanga gidanshi na bayanmu," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Na riƙe sunanshi. Shi dai bai riƙe nawa ba tukuna."