Ranar da na ce wa jikata ta fara kiɗa

Ko na manta shekaruna, ba zan manta da kunyar da na sha a tsakar gidana a unguwar Briqueterie ba. Ni wadda mata ke taruwa don su ji labari daga bakina, sai ga kunnena ya yaudare ni.

Jikata ce ta dawo daga karatu a Faransa da wani abin kiɗa mai kama da molo, wai shi lut. Bayansa kamar rabin ƙwarya, wuyansa a karye, tsirkiyoyinsa sun fi ashirin, na hanjin rago, an jera su bibbiyu. Ta ce da shi ake wa sarakunan Faransa kiɗa tun zamanin kakannin kakanni. Ubanta, ɗana da ke unguwar Tsinga, ya ce ta ajiye shirme ta nemi aikin ofis. Da suka kasa daidaitawa, ya ce ta kaɗa a gabana, abin da na yanke shi ke nan.

Bayan la'asar muka zauna. Damina ce, danshi ya sassauta tsirkiyoyin, ta daɗe tana murɗa 'yan itatuwan wuyan tana kasa kunne. Daga nan ta riƙa taɓa nan, ta dakata, ta gangaro, ta sake dakatawa. Ba ganga, ba waƙa, ba inda ƙafa za ta bi. Na yi ta haƙuri har na gaji.

"Ke 'yar nan, in kin gama gyaran, ki fara mana."

Ubanta ya fashe da dariya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, ai na gama." Ta jawo jakar abin za ta mayar da shi. Ashe da maganata na riga na yanke hukunci ban sani ba.

Girman kai ya so ya hana ni tambaya, amma na tambaye ta wane irin kiɗa ne wannan. Ta ce wannan mabuɗin kiɗa ne, waɗanda suka tsara shi sun rubuta sautukan kawai, ba su faɗi tsawon kowanne ba. Mai kaɗawa ke zaɓar inda zai ja da inda zai tsaya, kamar mai ba da labari. Nan na gane kuskurena, don wannan kam sana'ata ce.

Na sa aka kashe rediyo, aka rufe ƙofa saboda ƙarar babura, na matso har gwiwata na taɓa tata, na ce ta sake kaɗawa. Abin ba ya ɗaga murya, da tsokar yatsa ake lallaɓa shi, ba da farce ba. A karo na biyu na ji inda take riƙe numfashi kafin ta saki magana.

Na dubi ɗana na ce, "Ka bar ta. Yarinyar nan ta iya shiru."

Bai sake dariya ba. Tana can tana kaɗawa har yau.

Tun ranar, in aka kawo mini abin da ban sani ba, sai na tambaya ko an fara kafin in buɗe baki.