Mutumin Gora da Salka

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na saba'in da wani abu, ni ne manjon gidan likita na Dungas, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin. Wata ranar kasuwa lokotoron Magarya, wato babban likitanmu, ya zo rangadi, ya ce kowane ƙauye zai aiko namiji ɗaya da ungozoma ɗaya in koya masu agajin farko. Wanke ciwo da ɗaure shi ba su dame ni ba. Amma ya ce har da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, a hura masa iska baki da baki, a danna ƙirjinsa.

"Ranka ya daɗe, a kan wa za su koya?" na ce. "Ai ba a danna ƙirjin mai lafiya."

Ya ce a Damagaram akwai mutum-mutumin roba na wannan aikin, amma ba za a aiko mana da shi ba. Ya buɗe littafi ya nuna mini hotonsa, da hoton wata na'ura mai tayar da zuciya da wutar lantarki. Muka dubi fitilar ƙwan da ke kan teburina, muka yi dariya.

"Na'ura kam ka manta da ita," ya ce. "Hannu da baki kowa yana da su. Bayan mako uku zan dawo."

Washegari na tafi wurin wani tsohon baduku da ke ɗinki a bakin kasuwa. Da na gama bayani ya ajiye basillarsa ya daɗe yana kallona.

"Manjo, gunki kake so in ɗinka maka da tsufana?"

"Baba, ba ido, ba fuska. Salka ce mai ƙirji, don a ceci rai."

Ya ce in dai haka ne, bismilla.

Kai bai ba mu wuya ba, gora muka samo muka huda mata baki da hanci. Huhu ne ya wahalar da mu. Mun fara da babbar salka, na yi ta hurawa har jiri ya ɗebe ni, ko motsi ba ta yi ba. Sai Baba ya ɗinka ƙarama da fatar ɗan akuya, ya shafe ta da man shanu. Hurawa ɗaya ta kumbura. Ƙirjin kuma da audugar rimi muka fara cika shi, dannawa goma ya kwanta bai ƙara tashi ba. Na je wurin wata matacciyar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, da aka yasar a bayan tasha, na ciro ƙarfen nan mai lanƙwasa na cikin kujera, na yanko guntun tiyo. Ƙarfen muka sa tsakanin allo biyu, tiyon ya zama maƙogwaro.

Da muka haɗa, na hura, iska ta ƙi shiga. Baba ya duba ya ga tiyon ya lanƙwashe saboda gorar ta sunkuya. Har ya ɗauko kara zai zura a ciki ya miƙar da shi.

"Baba, tsaya!" na ce. Na tura goshin gorar baya, na ɗaga haɓarta, na sake hurawa. Ƙirji ya tashi. "Haka maƙogwaron mutum yake. In ba a ɗaga haɓa ba, iska ba ta wucewa. Kar ka gyara komai."

Muka sa wa mutum-mutumin namu tsohuwar rigata.

Na san mutanenmu, ba wanda zai sa baki inda wani ya cire nasa. Don haka na yayyanka farin ƙyalle, na dafa shi, kowa da nasa, na ajiye kwalbar alkol mai kashe ƙwayoyin cuta da auduga a gefe don goge bakin gorar. Na shimfiɗa tabarma a dandaryar ƙasa, don gado yana lotsawa. Mata da safe a ɗaki, maza bayan azahar a gindin itacen bedi.

Ranar farko maza dariya suka yi ta yi. Wani mai haƙar rijiya ya danna da dukan ƙarfinsa, allon ya tsage.

"Ka karya masa haƙarƙari," na ce. Dariya ta tsaya. Na sauya allo, muka ci gaba, daga nan kowa ya natsu.

A cikin matan akwai wata tsohuwar ungozoma daga wani ƙauye a kan hanyar Dantchiao. Ta ƙi matsowa sai da kowa ya gama. Ta durƙusa, ta ɗaga haɓar kamar ta saba, ta toshe hanci, ta hura. Ƙirji ya tashi tun a karon farko.

"Inna, wa ya koya miki?"

"Ɗana, kallon hannunka nake yi tun da safe."

Da lokotoro ya dawo, ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya ya gwada su, bai mayar da kowa baya ba. Sannan ya tuɓe hularsa ya durƙusa ya hura da kansa. Ya tashi yana girgiza kai, ya ce a ɗinka masa biyu ya kai Magarya. Baba ya yi mako guda yana ba kowa labari.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya na ji hayaniya a ƙofar gida. Inna ce, da wata mata goye da yarinya 'yar shekara biyar, da mutanen ƙauyensu a baya. Yarinyar ta zame cikin tafki uwarta tana wanki. Da aka ciro ta ba ta numfashi, leɓenta ya yi baƙi, mata har sun fara salati, wata ta kawo zane za ta rufe ta.

"Na ce masu ku ba ni wuri," in ji Inna. "Na kwantar da ita a ƙasa, na ɗaga haɓa, na hura, na danna da hannu ɗaya yadda ka ce a yi wa yaro. Ana ce mini in bar gawa ta huta. Ban bari ba. Can sai ta yi tari, ruwa ya zubo, ta fashe da kuka."

Na ɗora abin sauraro a ƙirjin yarinyar. Sai da na saurara sau biyu. Zuciya tana bugawa daram. Na riƙe ta kwana biyu saboda ruwan da ta shaƙa, zazzaɓi bai zo ba. Rana ta uku aka ɗora ta a kan jaki, Inna tana gaba da sandarta, suka ratsa ta tsakiyar kasuwa. Tafiyar ta ɗauke su lokaci, don ko'ina tsayar da su ake yi a ga yarinyar.