Takardun Fasto a Soron Alhaji

Ni ɗan garuwa ne. Na fi shekara ashirin ina tura kura a lungunan Yakasai. Kirista ne ni, ɗan ƙauye, kuma unguwa ta sani. Ranar Lahadi ba a ganina sai da yamma, don cocinmu yana bayan ganuwa.

A cikin birni, baƙon namiji iyakarsa soro. Ni ina wucewa. In yi sallama, matan gida su ja mayafi, a ce in shigo. In juye ruwa a randa, kaina a ƙasa, in fita. Da wannan yardar nake ci.

Sai aka kawo mana sabon fasto, matashi mai zafin aiki. Ya tura masu bishara gida-gida, duk aka tsayar da su a soro, aka sallame su. Ya ji labarina, ya kira ni bayan sujada a coci.

"Baba, ashe kai har ciki kake shiga! Ga takardun bishara. Ka riƙa ajiye wa matan a gindin randa."

Na ce, "Fasto, ruwa aka ce in kai."

"Tsoro kake ji?"

Ba tsoro ba ne. Na san in aka tsinci takarda ɗaya, babu gidan da zai ƙara cewa in shigo.

Na karɓa dai. Ranar Litinin na iske Alhaji a soronsa, dattijon da ya fara yarda na shiga gidansa. Na durƙusa na miƙa masa guda.

"Alhaji, an ce in kai wa iyalinka a ɓoye. Ni ta hannunka zan bi."

Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe.

"Kai ka san abin da ke ciki?"

"Ban iya karatu ba. Na dai san abin da na gaskata."

"To, takarda ba za ta shiga ba. Zauna ka faɗa mini da bakinka."

Na faɗa masa abin da na sani game da Yesu Almasihu. Ba shi da yawa. Ya ja ni da gardama, ya yi mini nasa wa'azin, ya ce saura ƙiris in musulunta. Na ce shi ma saura ƙiris ya biyo ni coci. Ya yi dariya har da tari.

Na miƙe na tsaya. Ban sani ba ko ciki zan yi ko waje.

Ya ce, "Me kake jira, mai ruwa? Tun safe matan gida suke nemanka, ko girki ba su ɗora ba."

Na ɗauki jarka biyu na shige.