Sunan da Ban Faɗa wa Rukayya Ba

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, ga ta nan tafe.

Muna yara a unguwar Nima, bayan magariba kakata Iya takan tara mu gindin murhu, tana tace gasarar kokon safe tana yi mana tatsuniya. Akwai ta wata mai rijiya da ta rataye guga huɗu, kowace ƙabila da nata. Baƙo ya iso da ƙishirwa, ta ce, "Kai na wane guga ne?" Ba ya cikin huɗun. Ya juya, ya faɗi a hanya. Sai Iya ta nuna mu da ludayi: "Mai ƙirga mutane, ya ji tsoron Allah."

Bara jikata Rukayya, mai aikin kwamfuta, ta ɗauki nauyin rubuta matan ƙungiyarmu ta unguwar Maamobi saboda rabon shinkafar azumi. Ta ce, "Kaka, gurbin ƙabila ba a rubuta abin da aka ga dama. Sunayen da na jera a manhaja su take kai wa ma'ajiyar bayanai. Wanda babu a jerin, ma'ajiya tofar da shi take. Lissafo mini."

Na ce Hausa, Zabarma, Dagomba, Kotokoli, Fulani.

"In ƙara 'wasu'?"

"Zongo babu wasu."

Ina sane da Ayele. 'Yar ƙabilar Ga ce, 'yan asalin garin nan, ta musulunta tun kafin a haifi uwar Rukayya, ni da ita muke wankan gawar mata a unguwa. Amma a wancan makon mun yi cacar baki kan igiyar shanya.

Ranar rajista Ayele ta zo da buhunta, Rukayya ta danna, ta sake dannawa. "Maa Ayele, manhaja ta ƙi karɓar Ga. Mu sa Zabarma, ƙabilar marigayi mijinki? Ƙara suna sai na gyara manhaja da ma'ajiya duka, rabo kuma gobe ne."

Ayele ni ta duba. "Hajiya, ƙasar ubana kuka zo kuka zauna, yau ni ce babu?" Ta naɗe buhunta ta fita.

Da ina tsammanin mai rijiya mantuwa ta yi. Yanzu na gane ta san baƙon sarai.

Rukayya ta ƙara Ga bayan kwana uku, shinkafa ta riga ta ƙare. Ayele ta koma wurin ɗiyarta a Kotobabi. Ni kuwa gawa biyu na wanke tun daga nan, babu mai zuba mini ruwa yadda take zubawa. Kotobabi da ƙafa ma ana zuwa. Kullum ina cewa gobe.