Ƙofar da Aka Buɗe wa Shara

Akwai ranar da har ƙasa ta rufe idona ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, na gama karatu na dawo gida, yarinyar da abin ya faru a gabanta ta kusa kamo uwarta a tsawo, amma duk lokacin da na tuna sai na ji kamar jiya aka yi. Matata takan ce in bar abin ya wuce haka nan. Na gwada, ya ƙi.

Ni dai shan inna ta same ni tun ina ɗan shekara uku, a kan keken guragu na girma. Lokacin korona ina Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku, muna zaune a wani ɗan gida kusa da kasuwar Chow Kit, ni da matata da 'yarmu mai shekara shida. Ina da wani hali da mutane da yawa suke kira girman kai: ba na yarda a ɗauke ni. Ina yaro an sha cicciɓata kamar buhun masara, ana hira a kaina, ana tambayar wanda ya ɗauko ni ko na ci abinci alhali ga ni da bakina. Ranar da aka haifa min 'ya na yi wa kaina alkawari ba za ta taɓa ganin ubanta a hannun wasu ana ɗauke da shi ba, ba kuma za ta gan shi yana rarrafe ba. Har ta kai shekara shida na riƙe wannan alkawari. A wurinta Abba mutum ne mai taya, kuma ya fi kowa gudu a baranda.

Kullen korona ya matsa mana ƙwarai. Wata da watanni yarinyar nan ba ta taka ƙasa ba, makaranta a waya, wasa a falo. Wata rana malamarsu ta nuna musu hoton teku, daga nan ta ɗaga mana hankali. Da ta ishe ni sai na ce mata, duk ranar da aka buɗe hanya zan kai ta, in riƙe hannunta mu sa ƙafa a ruwa tare. Ta kalli ƙafafuna, ta kalle ni.

"Har da Abba?"

"Har da Abba," na ce mata.

Da aka yarda a fita daga jiha zuwa jiha, wani Alhaji mai shagon yadi a wajen Masjid India ya haɗa tafiya zuwa Port Dickson, wani gari a bakin teku. Mutumin kirki ne, ɗan garinmu, yana da babbar mota, ya kwashi gida uku har da mu. Otal ɗin da ya zaɓa yana da nasa yankin bakin teku, ana biya a shiga a wuni. Ni da na san halin duniya ban bar abin a hannun kowa ba. Sau biyu na buga musu waya ina tambaya ko keke yana sauka har ƙasa. Matar da ta ɗauka ta ce, "Boleh, encik, boleh," wato da Malayanci, zai yiwu yallaɓai. Har hoto ta turo min: gangara ce ta siminti mai faɗi, da ƙarfen dafawa, da shuɗiyar alamar nan ta mai keke. Na nuna wa 'yata na ce ga hanyar Abba.

Mun isa da hantsi. Tun daga wurin ajiye motoci iska ta kawo mana ƙamshin gishiri, yara suka fara tsalle. A bakin shiga an ajiye tebur, ga ruwan wanke hannu, ga mai gadi da takunkuminsa yana riƙe da na'urar auna zafin jiki. Bayan teburin kuwa matakala ce miƙe har ƙasa. Na ƙirga ta daga baya don na sami lokaci isasshe, taki ashirin da biyu ce. Can gefe na hango gangarar da aka turo min hotonta. Tana nan yadda take, sai dai an ja ƙofar ƙarfe a bakinta, an naɗe da sarƙa, an datse da kwaɗo.

Na gaida mai gadi cikin mutunci, ya auna ni, na nuna masa shaidar rigakafina a waya, sannan na nuna ƙofar na ce ya taimaka ya buɗe. Ya girgiza kai. Ya ce saboda korona an mai da hanyar shiga guda ɗaya, kowa ta gaban teburin nan zai bi. Na ce to ai ga ni a gaban teburin, ka auna ni, ka ga shaidata, saura me? Ya ce doka ce. Na ce wane irin ciwo ne zai kama ni a gangara wanda ba zai kama ni a matakala ba? Ya ce mabuɗi yana wurin manaja, manaja kuma yana taro. Na sake buga wa matar nan waya, ta yi ta ba ni haƙuri da murya mai daɗi, ta ce umarni ne daga sama. Duk wannan 'yata tana tsaye tana riƙe da hannun kekena, da ɗan bokitinta na roba.

Sai Alhaji ya matso yana naɗe hannun riga.

"Malam, wannan ai ba problem ba ce. Mu uku ne maza. Mu cicciɓe ka da keken gaba ɗaya, minti biyu mun sauka, mu ma mu samu lada."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma har yau ina girmama shi. Amma maganar ladan nan ta soke ni. Tun ina yaro nake zama gonar da mutane suke noman lada a kanta, ba wanda ya taɓa tambayata ko ni me nake samu. Na ce masa na gode, ba za a ɗauke ni ba.

"Haba Malam, mu ne fa. Meye abin kunya a ciki?"

"Alhaji, ga hanya can an yi ta domina. Ita nake so."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi ƙasa da murya ya ce wai wani lokaci mutum ya riƙa karɓar ƙaddara. Na juya zan ba shi amsa, matata ta dafa kafaɗata ta ce musu su yi gaba, manaja zai fito. Ita ma ta so ta zauna da ni, na ce ta sauka da yarinya, kada a ɓata mata rana.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fara tafasa ni. Kafin su sauka, sai wannan ya ce, "Tunda kana nan, Malam," ya ajiye takalmansa a gefen tayata. Wancan ya ɗora min wayarsa a cinya. Matar wani ta jingina kular abinci da bayan kekena, Alhaji ya rataya min mabuɗin mota. Kafin in ankara na zama mai gadi na biyu, sai dai ni ba albashi. Na baro Kano, na tsallako rabin duniya ina rubuta kundin digiri na uku, ga ni a bakin teku ina tsaron silifa goma sha ɗaya.

Daga inda nake ina hango su. Yaran sauran gidajen sun faɗa ruwa suna ihu. Tawa kuwa ta je ta tsaya daidai inda yashi ya fara jiƙa, ta ƙi ƙarasawa. Uwarta ta ja hannunta, ta fizge. Duk bayan ɗan lokaci sai ta waiwayo ta ɗaga kai tana nemana. Matata ta hauro sau biyu, ta ce min yarinyar ta ce ba za ta shiga ba sai Abba ya zo, haka aka yi alkawari. Na ce ta lallashe ta. Ta ce, "Malam, 'yarka ce fa, ka san inda ta gado taurin kai." A nan na yi azahar a kan kekena, manaja bai gama taro ba. Sau huɗu ina tambaya, sau huɗu mai gadi yana ce min in ƙara jira kaɗan, yana kuma tuna min in ja baya in ba shi tazarar mita ɗaya.

Wajen ƙarfe biyu da rabi sai ga wani ma'aikacin otal ya turo baron shara, cike da ɓawon kwakwa da robobin abinci, ƙudaje suna binsa. Ya tsaya a gaban ƙofar gangara ya yi fito. Mai gadin nan, wanda ya shafe awa huɗu yana rantse min mabuɗi yana wurin manaja, ya sa hannu a aljihun wandonsa ya zaro shi. Ya je ya buɗe kwaɗo, ya warware sarƙa, ya wangale ƙofa, ya ma taya mai baron ɗaga tayarsa a kan dakali.

Ban san lokacin da hannuwana suka kama taya ba. Wayoyin da ke cinyata na zube su a kan kula, silifan kuwa ko waiwayensu ban yi ba. Mai gadi ya hango ni ya taho da sauri yana cewa, "Encik, encik, tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Ya miƙo hannu zai riƙe kekena. Duk Turancin da Malayancin da na iya suka gudu, da Hausa na ce masa, "Taɓa ka gani." Sannan na ɗaga masa yatsa na ce, "Satu meter." Mita ɗayan da ya yini yana karanta min. Ya tsaya da hannu a sama, na wuce.

Haka na gangara a bayan baron shara, warin yana dukan fuskata, ruwan ƙazanta yana ɗiga a gabana tayoyina suna bi ta kai. Da na isa ƙasa sai na ga wani sabon abin takaici. Simintin a daidai rumfar tara shara ya ƙare. Daga nan zuwa ruwa yashi ne mai laushi, ya kai taki talatin na mai ƙafa. Na tura keke, tayoyin gaba suka nutse. Na sake turawa da ƙarfi, ya ƙara nutsewa. Wanda ya zana hanyar nan ya ga ya isa a kawo gurgu inda zai hango teku, bai taɓa kawo wa ransa yana so ya taɓa ruwan ba.

'Yata ta hango ni ta sheƙo da gudu. Ta kama hannuna tana ja, tana cewa Abba ya zo, Abba ya zo. Mutane sun fara juyowa. Alkawari biyu ne a wuyana, wanda na yi wa kaina da wanda na yi mata, kuma dole ɗaya ya karye. Na ja birki, na tattare rigata na ƙulle a ƙugu, na dafa hannun keke na sauko ƙasa.

Yashin nan ya yini a rana, tafin hannuna kamar na dafa murfin tukunya. Na fara jan jiki. Alhaji ya taho da gudu zai ɗaga ni, na ji muryar matata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa babba murya ba, tana cewa, "Alhaji, tsaya inda kake." Wani baƙo ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ta je ta tsaya a gabansa har ya sauke. 'Yata ta biyo ni. Tana tafe a gefena a hankali, tana kallon ƙafafuna suna jan layi biyu a yashi, abin da ba ta taɓa gani ba. Ban iya kallon fuskarta ba sai da na ji sanyi a gwiwata.

Na zauna a bakin ruwa na riƙe hannunta, igiyar ruwa ta zo ta rufe mana ƙafafu. Ta yi dariya, ta sake yi da ta biyu ta zo. Daga baya matan da muka je da su suka yi ta cewa abin ya ba su sha'awa har sun yi hawaye. Ni ban ga abin sha'awa ba. Magidanci ne aka sa ya ja ciki a gaban 'yarsa da baƙi saboda wani ya ga buɗe kwaɗo ya yi masa wahala.

Da muka hauro, manaja ya gama taro. Ya tare ni da murmushi da kwakwa biyu an sa musu tsinken sha, wai kyauta ce ta ban haƙuri. Na ce ya kai wa mai baron, shi ne ya buɗe min hanya. Alhaji ya ce in karɓa mana, mutum ya ba da haƙuri, kada a ce 'yan Najeriya ba su da kirki. Ban karɓa ba.

A hanyar komawa Kuala Lumpur motar ta yi tsit, yara sun gaji. Na ɗauka tawa ta yi barci a jikin uwarta. Sai na ji ta taɓa ni, ta yi tambaya da Malayancin da ya fi zama a bakinta: me ya sa shara za ta iya wucewa, Abba ba zai iya ba? Kowa a motar ya ji. Alhaji ya gyara madubi, matata ta juya tana kallon taga. Na ce wa 'yata ta kwanta, mun kusa gida.

Har yau ban ba ta amsa ba, don amsar gaskiya ba ta faɗuwa ga yarinya 'yar shekara shida: wanda ya rubuta dokar ya tuna da shara domin idan ta kwana za ta dame shi, ni kuwa ya san zan zauna in yi shiru. Kuma da gaskiyarsa, awa huɗu na yi ina gaisuwa ina godiya ina jira. Abin da ranar nan ta koya min ke nan. Na daina roƙon hanyar da aka yi domina kamar ina neman alfarma, na kuma daina karɓar haƙuri tun kafin a gyara abin da aka ɓata. Idan an ce min babu hanya, yanzu nakan tambaya ta ina ake fitar da shara, kuma da ƙarfi nake tambaya, a gaban kowa.