Yamusa na Jikwoyi, Wanda Ya Fi Ni Jin Matata

Ƙarfe bakwai na safe Yamusa yake buɗe shagonsa na gyaran kayan sauti a Jikwoyi, amma ba ya taɓa ko waya ɗaya sai ya yi rabin awa a zaune shiru, wai kunne ya farka tukuna. Lucia mai abinci, maƙwabciyarsa, ba ta kunna rediyo sai ya ɗaga mata hannu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, aka ce ya kamata wani ya jinjina masa a rubuce. Na karɓi aikin domin babu wanda ya san gwanintarsa kamar ni, babu kuma wanda ta fi ƙona wa rai.

A ƙarshen 1991 muka zo Abuja, lokacin da gwamnati ta ɗauko kujerarta daga Legas, ta haɗo da mu ma'aikata har da tukwanenmu. Manyan sifikokina biyu suka sha jijjiga a motar kaya, suka iso suna magana ta hanci. Ni littattafaina na damu da su. Matata Justina, mai jan waƙa a zumuntar mata ta majami'armu, ita ce ta nemo Yamusa, wani ɗan Gbagyi da shagonsa yake Nyanya a lokacin, wanda aka tashi ƙauyensu domin a gina mana ofisoshi. A Kaduna ya koyi gyaran rediyo.

Na je masa da dogon bayani irin na wanda ya yi karatu. Ya jira na gama.

"Oga Zacharias, sifika bai mutu ba. Abin da yake raba masa aiki a ciki ne ya karye. Zan cire shi gaba ɗaya."

Ya nuna mana cewa kowane akwatin sifika baki uku gare shi: babba mai ruri, matsakaici mai ɗaukar muryar mutum, da ƙarami mai siririn sauti. Maimakon amfilifaya ɗaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta yi ta fama da duka ukun, zai haɗa wani ɗan akwati, kurosoba, ya raba sautin tun daga farko, kowane baki ya samu amfilifayarsa. Na ce almubazzaranci ne. Justina ta ce a yi, aka yi.

Yamusa ba ya yarda da mitar awon sauti kaɗai. Inda babban baki zai saki, matsakaici ya karɓa, da muryar da ya ji a zahiri yake gano shi. Asabar uku Justina tana tsaye a shagonsa tana waƙa, yana ɗauka a kaset, yana sakewa, yana murɗa maɓalli. Ina kan benci da jarida, ban karanta layi ɗaya ba.

"Madam, sake nan wurin. Akwai inda kina jan numfashi, sifika yana haɗiye shi."

Shekara tara da aurenmu, ban san da wannan numfashin ba. A hanyar gida ta ce, "Baban Glory, mutumin nan yana ji." Har yau ban manta da jimlar ba.

Ba ni kaɗai ne shaida ba. Fasto Timothy na Karu ya ce sai da Yamusa ya gyara musu kaya tsofaffin bencin baya suka daina tambayar me aka ce. Alhaji Ɗangoggo na Lugbe ya so a ƙara masa ruri har tagogi su girgiza, Yamusa ya naɗe wayoyinsa ya ce, "Alhaji, in ƙara kake so, kunna janareta." Bayan sati biyu Alhajin ya dawo da kansa. Kai ne mai raba sauti uku ba ka zalunci ko ɗaya ba, Yamusa, a garin da kowa yake so a ji nasa kaɗai.

Doka ɗaya ya ba mu: a fara kunna kurosoba, amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma a fara da amfilifaya. Justina ta kiyaye ta shekara ashirin da biyu. Sati ɗaya bayan binne ta, na ɗauko kaset ɗin zumuntar mata ko zan tsinto ta a cikin mata arba'in. Ni da na karance ɗakin littattafai, na kunna a juye. Sai ji na yi tau! Ƙananan bakunan biyu suka ƙone.

Na kai su Jikwoyi. Tun daga bakin titi na ji muryar Justina, ita kaɗai, tana fitowa daga sifikar wani mutum da ban sani ba.

"Oga, sannu da haƙuri. Duk kayan da na saita a garin nan, da muryar Madam na saita."

Ashe tana majami'u da falon alhazai, gidana ne kawai ba ta ciki. Na ce ya ba ni kaset ɗin.

"Ita ta ba ni, Oga. Kayan aiki ne. Bari in yi maka kwafi."

Na ce mijin mace ba ya karɓar kwafi. Ya gyara mini sifikoki, na tafi da girman kaina, na shekara goma ban ji ta ba.

Asabar da ta wuce da hantsi ya zo gidana da kaset ɗin a aljihun riga. Ya kunna komai bi da bi, ya kama hannuna ya ɗora a kan maɓallin tsakiya na kurosoba.

"Kunnena ya daina kama siririn sauti, Oga, shi ya sa zan ajiye aiki. Kai ka murɗa. In ka ji ta, ka tsaya."

Na murɗa dama, ta yi kauri kamar mai mura. Na dawo hagu, ta zama wata yarinya. Na yi ta lalube har na ji ta ja numfashi. Na tsaya. Ya leƙa maɓallin.

"Ka kusa," ya ce. Bai gyara ba. Ya sa hularsa, ya bar kaset ɗin a ciki.

Na gode, Yamusa, kuma kada ka ɗauka na daina kishinka. Ku da naku suke da rai, ku yi yadda ya yi: ku ajiye jaridar, ku ce musu su sake nan wurin.